Tafiyar Ceton Marinar Goronyo

Tashi daga Sakkwato

Tun ba a kira assalatu ba na ji ana dukan ƙofar zaurena. Na fito da fitila a hannu, sai ga Malam Haliru tsaye da buta da laima, wai har yanzu ban shirya ba? Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, shi ya sa nake gaya masa abin da wani bai isa ya gaya masa ba. A lokacin, Turawa na nan, shi ne wakilin ƙasarmu ta gabas a majalisar Kaduna, kuma ba shi da jam'iyya. Mai zaman kansa ake ce masa. Ni kuwa Buhari sunana, tela ne a kasuwar Sakkwato, kuma rabin abin da nake ɗinkawa daga hannun masu rinin Wurno da Goronyo yake fitowa. Ya ce tunda na san su sun san ni, dole in raka shi.

Ga abin da ya fitar da mu a tsakiyar damina. An kawo wata doka gaban majalisa, wai duk ramin rini da ke cikin gari a cike shi da ƙasa, don ruwan da ke kwance a ciki shi ke haifar da sauro. Haliru ya miƙe ya ce ba haka ba ne, ruwan baban rini da toka sauro ba ya rayuwa a cikinsa. Aka yi masa dariya. Ya nace, ya nace, har aka gaji aka ce to, a dakata, likitan gwamnati ya je ya duba marina guda da idonsa, abin da ya gani shi za a bi. Haliru ya zaɓi ta Goronyo don ta fi girma. In likita ya sami 'ya'yan sauro a can, marinar Goronyo ta tafi, ta kowa ma ta bi ta.

Muka yi salla a tasha, muka hau motar Isa direba mai ɗaukar fatu. Haliru a gaba, ni a bisa kaya, ina shaƙar warin fatar akuya ina tsine wa siyasa a raina.

Shingen Dinawa

Rana ta ɗan ɗaga muka iso Dinawa, muka tarar an gitta itace a hanya. A wancan zamani in an yi ruwa akan rufe hanya har ta sha iska, don kada manyan motoci su farfasa ta. Mai tsaron shingen wani dattijo ne da jar hula, yana zaune yana cin gyaɗa.

Isa ya leƙo ya ce, “Baba, ɗan majalisa na ɗauko. Buɗe muna.”

Dattijon bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Hanya ba ta san ɗan majalisa ba. Sai ta bushe.”

Ni na diro zan yi masa rashin mutunci, Haliru ya riƙe mini hannu. Ya ce, “Gaskiya tai. Mu munka zauna Kaduna munka ce a yi haka.” Ya je ya zauna kusa da tsohon, suka ci gyaɗar tare. Kafin azahar ya san inda ake sayo fartanya a Dinawa, da maƙerin da ya fi iya yi mata baki, da dalilin da ya sa ɗan maƙerin ya gudu birni. Haka yake, duk inda ya zauna sai ya tono zancen sana'a. Ni dai yunwa nake ji, sai da wata Bafulatana ta zo da fura da nono na dawo hayyacina. Bayan azahar aka ɗage itacen muka wuce.

Rabah

Da la'asar sakaliya muka shiga Rabah. Muka sauka gidan Malam Sambo, abokin Haliru tun suna koyarwa a makarantar elemantare. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, na ci har na ji kunya.

Washegari da safe Malam Sambo ya kai mu wajen wani marini mai suna Garba. A unguwarsu wani duba-gari mai zafin kai bai ma jira doka ba, tun bara ya sa aka cike musu ramuka. Garba ya nuna mana wurin. Fili ne kawai, awaki na kwance a kai, sai bakin rami guda da ya ɗan leƙo daga ƙasa, shuɗi-shuɗi.

Haliru ya ce, “Ba a ba ku wuri bayan gari ba?”

Garba ya ce, “An ba mu, ranka shi daɗe. Na gina sabo. Sabon rami shan baba shikai. Ka zuba yau, gobe ka iske ya tsotse. Wanga da kaka gani, kakana yag gina shi, ubana yaƙ ƙara mai laso, ni ma na ƙara. Shekara da shekaru anka yi kahin bangonai shi riƙe ruwa. Mi zan ci kahin sabo shi kai haka?”

Yanzu dakon albasa yake yi wa wasu. Ya juya hannuwansa yana kallo, sun koma kalar hannun kowa, ya ce tun yana yaro bai taɓa ganinsu haka ba. Wallahi sai da na kau da kai, don na san rigunan da suka fito daga hannun nan. Haliru bai yi masa alkawarin komai ba. Ya dai tsuguna ya shafa bakin ramin, ya tambaye shi yadda ake haɗa laso, wato shafen da ke hana bangon rami shan ruwa, ya sa ya maimaita masa har ya riƙe.

A nan Rabah ne ya sami wani mai jakai da zai kai gishiri Goronyo, ya ba shi saƙon baka zuwa ga Sarkin Marina: muna tafe da likita Bature ranar kasuwa mai zuwa, zai duba marina. Iyakar saƙon ke nan.

Wurno

Daga Rabah zuwa Wurno ba nisa, amma mota ta kafe a wata ƙorama, muka sauka muka tura. Na shiga Wurno da laka har gwiwa, takalmina guda ya zauna a can har yau.

A Wurno za mu haɗu da likita, sai muka tarar bai iso ba, ruwa ya tsare shi a wani gari. Ranar kasuwar Goronyo ta zo ta wuce muna zaune. Garin kuwa kullum ana shara, ana shafa wa bango farar ƙasa, ana kore awaki daga hanya, don an ji Bature na tafe. Haka ake yi ko'ina a lokacin, mun gani, mun wuce, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Kwanakin nan Haliru a rumfar masaƙa ya ƙare su. Su ma hankalinsu a tashe yake, don farin saƙi in ba marini rabin darajarsa ta tafi. Wata la'asar suka ce ya ba su labarin majalisa.

Ya ce, “Ɗaki na babba. Masu rinjaye gehe guda, masu adawa gehe guda. Ni kujerata tana can ƙarshe, bakin ƙohwa.”

Na ce, “Madalla, in an ce a fice kai ka hwarawa.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce a majalisa in ka kawo magana, sai wani ya miƙe ya ce ya goyi baya, in ba haka ba maganar ta mutu nan take. Mai jam'iyya kafin ya rufe baki an miƙe masa. Shi kuwa ya taɓa roƙon a riƙa sayen fartanya da gatarin aikin hanya daga maƙeran gida, ya gama ya waiwaya, kowa na kallon rufin ɗaki. Ya zauna. Ya kawo ta majema, cewa a bar musu rabo cikin fatun da ake kwashewa zuwa ƙasar waje, nan ma haka. Har suka sa masa suna ɗan majalisar toka da bagaruwa. Da ta marina ta taso, sai ya bi wakilai masauki masauki yana tambayar wa ya tashi a gidan sana'a, har ya dace da wani daga ƙasar Nufe wanda uwarsa mariniya ce. Shi ya miƙe masa, manyan jam'iyyarsa na harararsa.

Wani tsohon masaƙi ya ce, “To mi ka hana ka shiga cikin masu yawa, ka huta?”

Haliru ya ce, “In na shiga, Baba, sai an ba ni izini in yi zancenku.”

Ni da nake zolayarsa tun muna yara, ran nan na ji girmansa ya kama ni.

Mako ya zagayo har ya ɗan gota, sannan likita ya iso a ƙaramar motarsa. Dogo ne, jajir, yana jin Hausa amma ta hanci take fita. Mutane sun sa masa Mai Ludayi, don duk inda ya je yana riƙe da wani farin ludayin ƙarfe mai dogon hannu, da shi yake ɗibar ruwa yana duba 'ya'yan sauro. Ya gaya wa Haliru gaskiya tun a Wurno. Ya ce, “Malam, ba ni da gaba da masu rini. Amma yini guda nake da shi, kuma abin da na gani shi zan faɗa.” Haliru ya ce abin da yake so ke nan.

Hanyar Goronyo

Muka tashi bayan asuba. Mota ta kai mu inda za ta iya, daga nan fadama ta cika ta batse, sai jirgi. Mai jirgin wani mutumin Taloka ne, ya ɗebe mu kashi kashi, likita na rungume da ludayinsa kamar jariri. A ƙetare aka kawo wa likita doki, mu kuma jakai. Haliru ya tsaya bayan wata bishiya ya sake kaya, ya fito cikin farar rigar da na kwashe wata guda ina yi mata aiki, wadda zai sa ranar da zai yi magana a Kaduna. Na ce mene ne haka? Ya ce masu rinin Goronyo ba su fi 'yan Kaduna ƙanƙanta ba. Na ce to Allah ya sa jakin ya san darajarta.

Goronyo

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga gari. Hancina ne ya fara gaya mini akwai matsala. Duk wanda ya san marina ya san tun daga nesa warinta ke tarbarsa, ni kuwa har muka kai bakin unguwar ban ji komai ba sai ƙanshin turaren wuta.

Muka karya kwana, sai ga marina an share ta tas, an watsa farin yashi. Masu rini sun jeru cikin rigunan salla, sun goge hannuwa har sun yi ja. Sarkin Marina, wani kakkauran mutum mai fara'a, ya taho yana washe baki.

Ya ce, “Sannunku da zuwa, ranka shi daɗe. Tun randa saƙonka yaz zo munka tashi tsaye. Mun ce ba a kawo babban baƙo cikin wari. Dut mun kwashe baban mun zubar, mun wanke ramukka, mun cika su da ruwan gulbi mai kyau. Shi duba, ko huskatai shina gani ciki.”

Na dubi Haliru. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗa haka ba. Ni kuwa na san ruwan gulbi da ya kwana fiye da mako a buɗe cikin damina, ba sai likita ya gaya maka abin da ke ciki ba. Ga asarar baba na shekara guda da suka tuttular a kwazazzabo don su girmama mu.

Likita ya sauka daga doki, ya tsoma ludayi a ramin farko, ya ɗago. Ga 'ya'yan sauro nan suna wutsil-wutsil, ba ma sai an matso ba. Ya je na biyu, haka. Na uku, haka. Sarkin Marina yana biye da shi yana murmushi, har ya lura ba wanda ke taya shi, murmushin ya fara gushewa.

Ya matso kusa da ni ya ce, “Buhari, mi ya hwaru? Ba mu wanke da kyau ba?”

Na ce, “Kun wanke, Sarki. Kun wanke har da abincin ɗiyanku.” Na faɗa da zafi, kuma da na ga yadda ya dafe kai na yi da na sani.

Haliru bai zagi kowa ba. Ya yi wa likita bayani dalla-dalla. Likita ya saurara ya ce, “Na gane, kuma na ji tausayinsu. Amma an aiko ni in duba marina, na duba, na sami sauro. In kana da rami guda mai baba a ciki, nuna mini. In babu, bayan azahar zan koma jirgi.” Sabon haɗin baba kuwa sai ya yi kwanaki kafin ya nuna, kowa ya sani.

Haliru ya juya ya ce, “Sarki, dut kunka zubar? Ba wanda yar rage?”

Aka dubi juna. Can wani ya ce, “Sai na Nomau.”

Baba Nomau na san shi, don na sha sayen baƙin yadi a hannunsa, kuma na sha zagi. Tsoho ne siriri mai taurin kai, raminsa na can ƙarshen marina gindin wata tsamiya. A zaɓen wancan lokaci kowace unguwa takan tsayar da mutum guda ya je ya zaɓa mata, shi ne na unguwar marina, kuma layin abokin takarar Haliru ya bi, a fili. Da saƙonmu ya zo ya ce shi ba zai zubar da babansa don mutumin da bai zaɓa ba, ya kuma rantse gaban jama'a Haliru ba zai ga cikin raminsa ba. Muka same shi zaune a tabarma da tsummar rigar aiki, ramin a rufe da murfin ciyawa, ya ɗora ƙafa guda a kai. Wurin nan ne kaɗai ba a share ba, duk caɓi ne shuɗi.

Haliru ya tuɓe takalmi daga nesa, ya taka cikin caɓin, ya durƙusa. Rigata. Ina gani bakinta ya sha shuni ya fara hawa sama, na rufe ido.

Ya ce, “Baba, kwal lahiya?”

Nomau ya ce, “Lahiya. Tashi, ban son durƙuson ɗan siyasa. Mi kaka so?”

“Raminka nika so ka buɗe likita shi duba. In ba a duba ba, za a cike marinag ga duka, har naka.”

“A cike. Waɗanda sunka zubar da baban shekara don hancin baƙo, mi za su yi da rami?” Ya faɗa da ƙarfi don su ji, suka sunkuyar da kai. Sannan ya rage murya ya ce, “Kuma bai nuna ba. Sabon haɗi na. In na buɗe shi yanzu gaban idon jama'a, anka tsoma mai wancan ƙarhen mai warin magani, mutuwa za shi yi. Kana iya tashe shi?”

Haliru ya ce, “Ban iyawa, Baba. In ya mutu ya mutu, ba ni yi maka ƙarya. Ƙarhen dai ba a sa shi, da ludayinka na duma za a ɗiba.”

Tsohon ya tsura wa murfin ramin ido. Rana tana ta hawa, likita ya ciro agogo ya mayar. Ni ina so in ce a ɗage tsohon nan a buɗe da ƙarfi, Haliru kuwa ko motsi bai yi ba.

Can Nomau ya ce, “In na buɗe, gobe a ce Nomau ya bi Haliru. A ce rantsuwatai ta banza ce, ya ga Bature ya tsorata.”

Sai Haliru ya miƙe, riga na ɗigar shuni, ya juya ya fuskanci jama'a. Ya ɗaga murya ya ce, “Ku shaida. Baba Nomau bai zaɓe ni ba, kuma ba shi zaɓena gaba. Ba don ni za shi buɗe ba, don marina ta ubanninku na. Ya rantse ba ni ganin cikin raminai, to ba ni gani.” Ya taka ya koma can gindin tsamiya, ya ba ramin baya, ya tsaya.

Ban taɓa jin ɗan takara ya tara mutane ya sanar da su wanda ba zai zaɓe shi ba, sai ran nan. Nomau ya daɗe yana kallon bayansa. Sannan ya sauke ƙafa, ya yi bisimilla, ya ɗage murfin. Warin ya bugo mu, wallahi ban taɓa jin daɗin wari irin na ran nan ba. Ya ɗebo da ludayinsa ya zuba a farin faranti, likita ya duƙa da tabarau. Ya sa aka ɗebo daga gefe, aka ɗebo daga ƙarƙashin kumfa, aka ɗebo daga tsakiya. Ya jira ruwan ya kwanta ya sake dubawa.

Ya miƙe ya ce, “Babu ko ɗaya.” Sannan ya ɗaga murya don mai ba da baya ya ji, ya ce, “Malam, zan faɗi abu biyu. Ramin da ke aiki ba ya haifar da sauro. Ramin da aka bari da ruwan banza yana haifarwa. Duka biyu na gani yau.”

Haliru ya ce, “Duka biyun gaskiya ne, faɗe su.” Bai juyo ba sai da ya ji an mayar da murfi.

Aka kawo mana dambu da soyayyen kifin gulbi a gidan Sarkin Marina, shi kansa bai iya ci ba. Haliru ya zauna da shi ya ce laifin saƙo ne da bai ce a bar komai yadda yake ba, kuma a kwashe ruwan nan yau yau, a rufe ramukan. Kafin mu tashi har an fara.

Komawa gida

Muka ƙetare da mutumin Taloka bayan azahar, muka kwana Wurno, masaƙa suka yi ta zuwa gaisuwa har muka gaji da amsawa. Washegari muka dace da motar Isa, hanya a bushe, shingen Dinawa a ɗage. Ana kiran magariba na sa ƙafa a zaurena, da takalmin aro. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Sambo da masaƙan Wurno da suka ciyar da mu ba su gaji ba. Rigar kuwa na wanke na wanke ta ƙi, da wata tsohuwa Haliru ya bi mota zuwa Gusau ya hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna.

A majalisa aka karanta abin da likita ya gani, Haliru ya kawo gyara, mutumin Nufe ya sake miƙe masa. Dokar ta fita da cewa ramin da ke aiki a bar shi, a riƙa rufe shi, wanda aka yasar ne za a cike. Daga baya na ji a bakin fatake cewa haɗin Baba Nomau ya mutu kamar yadda ya faɗa, bai kuwa aiko wa kowa da ƙorafi ba.

Da zaɓe ya zagayo, masu jam'iyya suka taso da ƙarfinsu, Haliru ya faɗi. Ya koma gona da koyarwa, ko a fuska bai nuna ba. Ni ne abin ya ci, musamman da na ji unguwar marina Nomau ta sake tsayarwa, kuma layin wancan ya sake bi. Da rani na je Goronyo sayen baƙi, na wuce kowa na tafi gindin tsamiya. Na same shi tsaye yana motsa rami da muciya.

Na ce, “Baba, kai ko kunya? Mutumin da yad durƙusa cikin caɓi don raminka, ka sake ƙin shi?”

Bai daina motsawa ba. Ya ce, “Kana nan randa yat tara jama'a yac ce ba ni zaɓenai gaba. Mutum kamar wannan, ni za ni maishe shi maƙaryaci?”

Ya juya mini baya ya ci gaba da aikinsa. Ramukan marina duk a cike suke ran nan, ana ta tsomawa ana shanyawa.